Na daina cin abu bakwai, gajiyar tana nan, kilo 6 sun zube. Ina na kuskure?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, a kwance nake yinsa, kuma sai da na ajiye wayar sau uku na huta kafin in kai ƙarshe.

Shekara uku ke nan da na yi wani zazzaɓi mai zafi. Zazzaɓin ya tafi, ni kuwa ban tashi ba. Bara likita ya tabbatar min ciwon gajiya mai naci ne, wanda suke kira ME/CFS. Masu shi sun san halinsa: yau ki ji dama-dama ki wanke 'yan kwanuka ki shanya kaya, jibi ki kasa ɗaga kai daga matashi, kamar an ɗura miki yashi a ƙasusuwa.

Wata huɗu da suka wuce wata 'yar'uwata da ke ƙaunata ta turo min bidiyon wani da ya ce abinci ne ke haddasa ciwon nan. Rana ɗaya na yanke alkama, madara, ƙwai, sukari, yis, wake da gyaɗa. Ta kuma aiko min da kwalaben ƙwayoyin ƙarin sinadari guda tara, ga su nan jere a kan durowar gefen gadona, ina haɗiyar ƙwaya goma sha uku kullum.

To gajiyar dai ko gezau. Na rame kilo 6, zoben hannuna har zamewa yake yi in ina wanke hannu. Sai kuma wani sabon abu: kusan wata guda ke nan yatsun ƙafata suna min cuku-cuku kamar ana tsira allura, da dare ya fi tsanani. Don Allah waɗanda suka daɗe a ciwon nan, me kuke ci? Akwai ƙwayar da ta taɓa yi wa wani amfani na gaskiya?

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Shekarata goma sha ɗaya da wannan ciwo, kuma hanyar da kike kai na bi ta kusan shekara biyu, har sai da abincina ya koma kala huɗu kacal. Ba na ganin laifinki ko na 'yar'uwarki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Amma ki ji ni da kyau: ramar nan ta fi gajiyar tsorata ni. Mu da ba ma iya motsi sosai tsokarmu dama tana zagwanyewa, sai kuma kika cire ƙwai da wake da madara da gyaɗa a lokaci guda, wato kusan duk abin da ke gina tsoka mai sauƙin samu. Ni lokacin da na yi haka gashina ya dinga zuba, sanyi ya dinga shiga ta ko'ina, na ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, ashe yunwa ce ta hau kan ciwo. Babu abincin da ya warkar da ni, har yau ina ciki. Sai dai ranar da na koma cin abinci sosai na gane cewa wani kaso na wahalar da nake sha ni na ɗora wa kaina.

Ƙanin Kowa:
Yaya Babba, da girmamawa, kar a kashe mata gwiwa a kan ƙwayoyin gaba ɗaya. Ni nawa ya fara ne bayan korona a 2021, kuma tun da na fara shan ƙwayoyin ƙarin sinadari na CoQ10 haɗe da NADH nake iya karanta shafi biyu uku ban manta farkonsa ba. Ba da ka nake magana ba, an yi bincike a Basalona ta ƙasar Sifen: a 2015 sun gwada a kan mutum 73, a 2021 kuma mutum 207 na tsawon mako 12, miligiram 200 na CoQ10 da 20 na NADH kullum, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta don a kwatanta. Masu shan na gasken sun samu sauƙin gajiya. To me zai hana ta gwada?

Mai Haɗa Magani:
Ƙanina, binciken da ka ambata gaskiya ne, kuma a cikin ƙwayoyin da ake tallata wa masu wannan ciwo yana daga cikin 'yan kaɗan da aka gwada ta hanyar da ta dace. Amma a faɗi girman abin yadda yake: sauƙin da aka gani ɗan kaɗan ne, a takardar tambayoyi aka auna shi, ba wai na kwance sun miƙe sun koma aiki ba. Kuma mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin kar ya kusanci CoQ10 sai likitansa ya sani, don yana iya rage wa maganin ƙarfi.

Sauran kuwa hujjarsu ta fi haka rauni. D-ribose da ake ta yabo, binciken 2006 da ya fito da shi mutum 41 ne, kowa ya san abin da yake sha, ba a kwatanta da kowa ba, ga shi yana saukar da sukarin jini. Maganiziyam an yi masa bincike a Ingila a 1991 da mutum 32, kuma allura aka yi musu a tsoka, ba ƙwaya suka sha ba. Shi ya sa NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, a ƙa'idar da ta fitar a Oktoban 2021, ta ce babu isasshiyar hujjar da za ta sa a riƙa shan bitamin da sinadarai a matsayin maganin ME/CFS.

Ni dai ba wannan ne ya tsaya min a rai ba, ƙafar Uwar Biyu ce. 'Yar'uwa, don Allah in kin samu ƙarfi ki juya bayan kowace kwalba, ki duba inda aka rubuta bitamin B6 ko ɗaya sunansa pyridoxine, ki faɗa min adadin da ke cikin kowacce.

Uwar Biyu:
Malam, na sa babbar 'yata ta karanto min. Yana cikin kwalba uku. Ta B-complex miligiram 50, wata da aka rubuta ta ƙarin kuzari ce ita ma 50, sai ta maganiziyam da aka haɗa da shi 25. Akwai kuma wata ta gyaran gashi mai wani bitamin da ake kira biotin, an rubuta 10,000. Ban taɓa lura ba wallahi, sunayen gaban kwalaben duk daban-daban ne.

Mai Haɗa Magani:
Abin da na ji tsoro ke nan. Miligiram 125 kike sha kullum wata huɗu, alhali buƙatar babban mutum ba ta kai miligiram 2 ba. Iyakar da Amurka ta sa 100 ce, hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai kuwa a 2023 ta sauke tata zuwa 12, saboda yawan B6 yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma alamar farko ita ce wannan cuku-cukun da sandarewa. Ba zan yanke daga nan cewa shi ne ba, don ƙarancin B12 da ciwon suga su ma suna kawo irin haka. Amma ki ajiye waɗannan ukun yau, ki zuba duka taran a leda ki kai wa likitanki ya gani da idonsa. In shi ne, yakan ɗauki watanni kafin ya lafa, wani ma sai ya ɗan ƙaru a makonnin farko kafin ya fara sauka, kar hakan ya ruɗe ki.

Biotin ɗin ma ki faɗa masa kafin a ɗebi jininki. Yana ruɗa na'urar gwajin tayiroid, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ta ba da sakamakon ƙarya, har da gwajin da ake gano ciwon zuciya na farat ɗaya da shi, FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yi gargaɗi a kai tun 2017. Aƙalla kwana biyu ake daina shi kafin gwaji.

Mutane suna ɗauka tunda ana sayar da abu a fili an tantance shi. A Amurka, inda da yawansu ke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nuna ƙwayarsa tana aiki kafin ya kai ta kasuwa ba.

Mai Wucewa:
Ni a ganina ku bar zancen abinci da ƙwaya. Jiki in an bar shi a kwance mutuwa yake yi. Ta daure ta fara tattaki kullum tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, za ta ga canji.

Baban Yarinya:
Ɗana, na san alheri kake nufi, amma wannan shawarar ce ta kwantar da 'yata. Da ƙafarta take zuwa makaranta, aka ce mu dinga ƙara mata tafiya kowane mako, muka bi da zuciya ɗaya, cikin wata biyu ta koma ba ta iya zuwa bayi sai an riƙe ta. Wannan ciwon ba kasala ba ce. Alamarsa babba ita ce in mutum ya wuce iyakarsa, bayan awa 12 zuwa 48 jiki ya zube, ya yi kwanaki ko makonni bai dawo ba. Ita waccan ƙa'idar ta 2021 da Malam ya ambata ta cire wannan tsarin na ƙara motsa jiki mataki-mataki daga magungunan ciwon. Don Allah kar ka sake ba mai ME wannan shawarar.

Anti Masaniyar Abinci:
Na makara, amma na karanta komai. Uwar Biyu, sannu 'yata. Aikina ke nan tsara wa marasa lafiya abinci, kuma irin labarinki ba baƙo ba ne a wurina.

Kafin a yi maganar me za a sha, a fara duba me jiki ya rasa. Ki roƙi likita ya duba miki yawan jini, da feritin wanda shi ne ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe, da B12, folet, bitamin D, tayiroid, sukari, ƙoda da hanta. Feritin ɗin nake so ki matsa a kai, musamman in al'adarki tana zuwa da yawa. Mace tana iya samun sakamakon jini ya fito daidai alhali rumbun ƙarfenta ya kusa ƙarewa, kuma wannan kaɗai yana kawo gajiya da haki da zubar gashi. Gyara shi ba zai kori ME ba, amma an sauke miki kaya ɗaya daga ka. Kar dai kowa ya sha maganin ƙarin jini ba gwaji, yawansa taruwa yake a hanta, masu sikila da ake yawan ƙara wa jini ma su ne suka fi shiga haɗari. A kuma ɓoye shi daga yara, guba ne gare su.

Batun alkama akwai tarko. Akwai cutar da ake kira siliyak, inda sinadarin gilutin da ke cikin alkama da sha'ir ke lalata bangon hanji, kuma gajiya na cikin alamunta, shi ya sa ake gwada duk wanda ake zargin yana da ME. Amma wanda ya riga ya daina cin alkama gwajinsa zai iya fitowa lafiya ƙalau ko da yana da ita. Sai mutum ya yi aƙalla mako shida yana ci kullum kafin a ɗebi jinin. In ba a taɓa yi miki ba, ki gaya wa likita tun yaushe kika daina.

Zancen sukari da yis kuma an gwada shi. A 2008 an buga wani bincike daga Ingila, mutum 52, rabi suka bi abinci marar sukari da yis na mako 24, rabi suka ci abinci mai kyau na yau da kullum. Ba a ga bambanci a gajiyarsu ba, sai dai tsarin hanin ya fi wuyar bi.

Yadda za ki dawo: kar ki mayar da bakwai ɗin rana ɗaya. Ki fara da ƙwai, ki ba shi kwana uku kina rubuta abin da kika ji a ciki da jiki, sannan wake kaɗan wanda ya dahu luguf, sannan madara ko yogot, a haka a haka. Ki rubuta aikin da kika yi a ranakun ma, in ba haka ba za ki zargi ƙwan da kika ci yau a kan zubewar da wankin shekaranjiya ya jawo. Nan ne mafi yawan mutane ke ruɗewa su yi ta yanke abinci. Kuma ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, kowane ci da abin gina jiki a ciki. Cika ciki lokaci guda yana janye jini zuwa hanji, sai jiri da bugun zuciya su taso.

Ƙanin Kowa:
Anti, na karɓi maganar B6, ban san da ita ba, yanzu na je na duba nawa kwalaben. Amma akwai abin da ke min ciwo a irin wannan hirar. Shekara biyu ina yawon asibiti ana ce min damuwa ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ME cikin cututtukan jijiya tun 1969, amma har yau ba magani ko ɗaya da aka amince da shi. An bar mu ba komai, in mun nemo wa kanmu kuma a ce ba hujja. Ni in na ci burodi cikina kumbura yake kamar ganga, wannan ba wanda zai ce min ƙarya ne.

Anti Masaniyar Abinci:
Ba ƙarya ba ne ɗana, kuma fushinka yana kan hanya. Rashin hujjar ma wani ɓangarensa daga rashin zuba kuɗi a binciken ciwon ne shekara da shekaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in burodi na kumbura ka na yarda da kai. Masu ME da yawa suna da ciwon hanji mai saurin tashi a tare da shi, kuma sau da yawa ba gilutin ne mai laifin ba, wasu nau'o'in sukari ne da hanji ba ya iya tsotsewa, suna cikin alkama da albasa da tafarnuwa da wake. Jami'ar Monash ta Ostireliya ta tsara hanyar gano su da ake kira FODMAP. Amma su kansu masu tsarin sun ce mako biyu zuwa shida ake yin hanin, daga nan a dinga mayar da abu ɗaya-ɗaya har a kama mai laifin, a saki sauran. Abin da nake yaƙi da shi shi ne hani marar ranar ƙarewa.

Ƙwayarka kuma, in kana son sanin gaskiyarta, abu ɗaya za ka gwada a lokaci guda, ka ba shi wata biyu zuwa uku kana rubutawa, sannan ka dakata ka ga ko za ka ji bambanci. Mai shan tara a tare, in ya ji sauƙi bai san wacce ba ce, in ya ji ciwo ma bai sani ba.

Baban Yarinya:
Bari in yi magana a madadin waɗanda ba sa iya riƙe waya ma. 'Yata shekararta 19, wata goma sha huɗu ke nan tana ɗaki mai duhu. A wurinta tauna aiki ce. Na taɓa zama ina ƙirgawa, loma shida ta yi, sai na ga muƙamuƙinta ya tsaya, abincin na bakinta, hawaye na gangarowa ta gefen ido zuwa kunne. Tun ranar mahaifiyarta take niƙa komai. Kifi ko kaza ko wake da kayan lambu a markaɗa su, a zuba mai cokali guda don ƙarin ƙarfi, a ba ta a kofi mai murfi da tsinken zuƙa, kanta a ɗage da matashi biyu. Rabin kofi duk bayan awa biyu. Muna auna nauyinta duk sati biyu, muna rubutawa a bayan ƙofa.

Abin da ya sa ba na wasa da rama: a Ingila wata budurwa 'yar shekara 27 ta rasu a 2021, binciken kotu a 2024 ya tabbatar rashin abinci mai gina jiki ne sakamakon ME mai tsanani ya kashe ta. Duk mai jinyar wanda ya fara kasa ci ko haɗiya, kar ya jira, ya nemi likita a yi maganar abincin ruwa na asibiti ko ciyarwa ta bututu tun da sauran ƙarfi.

Malam Mai Haɗa Magani, tambaya gare ka. An ce mu ƙara mata gishiri saboda in an zaunar da ita zuciyarta na gudu. Ni kuma duk rayuwata ji nake ana cewa a rage gishiri.

Mai Haɗa Magani:
Baba, Allah ya saka muku, ya ba ta lafiya. Duka biyun gaskiya ne, kowanne da mutanensa. Ga mai lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar gishiri ya kai giram 5 a yini. Amma akwai matsalar da ake kira POTS, mai yawan rakiyar ME, inda bugun zuciya ke ƙaruwa da 30 ko fiye a minti cikin minti goma da miƙewa, ga 'yan shekara 12 zuwa 19 kuma da 40. Su akan ce su sha ruwa lita biyu zuwa uku, a ƙara musu gishiri har wajen giram 10, don jinin ya ƙara yawa ya riƙa isa kai. Sharaɗin shi ne likita ya auna ya tabbatar, kuma babu hawan jini, ciwon ƙoda ko na zuciya. In likitanta ne ya faɗa bayan ya auna, ku bi adadin da ya ba ku, ku riƙa duba awon jininta.

Tunda ba ta ganin rana, ku tambaye shi bitamin D. Ba don gajiyar ba, an gwada ba da shi da yawa ta baki a Dandi ta Sikotilan a kan mutum 50, aka buga a 2015, gajiyarsu ba ta ragu ba. Don ƙashinta ne, wanda ya daɗe a kwance ƙashinsa na yin rauni.

Yaya Babba:
Abu ɗaya ba a taɓo ba, kuma ni shi ya fi canza min rayuwa: girkin kansa yana cinye ƙarfin da abincin zai ba ki. Da nakan tsaya awa guda a kan tukunya, in na sauke ba ni da ƙarfin ɗaga cokali, in kwanta da yunwa. Yanzu kujera ce a gaban murhu, a zaune nake yanka komai, ba kuma rana ɗaya nake yanka da dafawa ba. Ranar da aka samu mai taimako a dafa da yawa a rarraba a ƙananan robobi a sa a firiza. A gefen gadona kullum akwai gorar ruwa, dafaffen ƙwai, ayaba da 'yar gyaɗa, saboda ranar zubewa ko ƙofar ɗaki nisa take min.

Ki yi hankali da kofi da lemukan ƙarin kuzari. Rance ne suke ba ki, ki ji kamar kin samu ƙarfi ki wuce iyaka, jibi ki biya ninki biyu. Ga shi rabin kafeyin na nan a jini bayan kamar awa biyar, ya ɓata ɗan barcin da dama ba ya wartsakar da mu. Kuma in 'yan'uwa sun tambaye ki me za su kawo, ki cire kunya ki ce dafaffen abinci.

Uwar Biyu:
'Yan'uwa na dawo bayan sati uku, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mijina ya kai ni da ledar kwalaben kamar yadda Malam ya ce. Likitar ta zazzage su a kan tebur tana karantawa ɗaya bayan ɗaya, ta ware takwas gefe, ta bar min bitamin D kaɗai bayan gwaji ya nuna nawa ya yi ƙasa. Feritin ɗina 9 ne, Anti, kin yi gaskiya, alhali yawan jinin ya fito daidai. Ta sa ni a maganin ƙarfe, rana ɗaya in sha rana ɗaya in huta, da ruwan lemu, kuma kar in haɗa shi da shayi ko madara. B12 da sukari lafiya lau, don haka ita ma B6 take zargi. Ƙafar tana nan tana yi, ta dai ce mu ba ta lokaci.

Ƙwai da yogot da gyaɗa sun dawo ba matsala. Wake ya ɗan kumbura ni, na rage shi zuwa cokali uku. Na ƙaru da kilo ɗaya. Gajiyar ba ta tafi ba, shekaranjiya ma zuwa asibitin ya kwantar da ni kwana biyu, amma jirin safe ya ragu. Ashe ba a taɓa yi min gwajin siliyak ba, to na koma cin burodi yanka biyu safe da yamma, yau kwana goma sha ɗaya, sai sati shida sun cika za a ɗebi jinin.

'Yar'uwar tawa ta yi kuka da na gaya mata zancen ƙafar, na ce mata ba ta yi don cuta ba. Yanzu duk sati tana aiko min da robobi shida na dafaffen abinci. Baba, yaya jikin ƙanwata? An samu auna bugun zuciyar tata?